Tafiyar ƙafa da labarin zombi a kunne: tambayoyin da mutanen Yamai suke yi mini

Tun da aka fara ganina bayan sallar asuba a kan hanyar bakin kogi ta Yantala, abin saurare a kunne ɗaya, ina tafiya wani lokaci a hankali wani lokaci da sauri, tambaya ba ta ƙare ba. Abokan fada sun yi, abokan aiki sun yi, har gwaggona ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, kuma in ban tashi daga kan kujera ba magani zai zama abokin zamana. Na gwada fita haka kawai, sati biyu na daina. Abin da ya riƙe ni daga baya labari ne da nake saurara ta wata manhajar waya. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wace irin manhaja ce wannan, wa ya yi ta?

Sunanta Zombies, Run! Wani kamfani ne na Landan mai suna Six to Start ya yi ta, Adrian Hon da marubuciya Naomi Alderman suka haɗa kai a kanta. A 2011 suka nemi gudummawar jama'a ta Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi, aka tara musu sama da dalar Amurka 70,000, manhajar ta fito a 2012, aka fara da iPhone sannan Android ta biyo baya.

Wasan kwaikwayo ne irin na rediyo, sai dai kai ne ɗan wasan. Annoba ta cinye duniya, mutanen da suka rage sun taru a wani ɗan gari mai katanga da ake kira Abel, a ƙasar Ingila. Jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauko ka ya faɗi kafin ya isa garin, sai ka ji muryar wani saurayi, Sam Yao, yana magana da kai ta rediyo daga hasumiyar garin, yana nuna maka inda za ka bi. Daga ranar sunanka ya koma Mai Gudu na Biyar. Aikinka fita bayan katanga ka samo wa mutane magani, batir, abinci da tufafi. Kana tafiya da ƙafarka ta gaske a kan titin Yamai, labarin yana gudana a kunnenka gutsure-gutsure: a yi magana minti ɗaya ko biyu, a yi shiru ko a sa waƙar da ka zaɓa, a dawo. Kowane kashi na labarin yakan ɗauki kamar rabin awa, kuma ana iya tsawaita shi.

Shi zombin nan mene ne, fatalwa ne ko maye?

Ba ɗaya daga cikinsu. Kalmar ta shahara ne daga ƙasar Haiti, inda ake ba da labarin gawar da boka ya tayar ya sa ta bauta. Masu fim na Amurka suka ɗauke ta suka sake mata kama, ta zama mutumin da cuta ta kashe amma gangar jikinsa tana yawo, in ya ciji wani shi ma ya koma haka. A wannan labari ma cuta ce, babu aljani babu tsafi. Ni Dodon tatsuniya nake kwatanta shi da shi: yana can bayan gari, amfaninsa ya sa ka damu da waɗanda ke cikin gari.

Sunanta ma cewa ya yi a gudu. Ni gwiwata ba ta ɗaukar gudu, shekaruna sun haura 50. Tawa ce?

Taka ce, Alhaji. Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi mini, domin ita ce ta hana mutane da yawa gwadawa.

Labarin ba ya duba saurinka. Ko gudu kake, ko sassarfa, ko takawa irin ta mai zuwa masallaci, kashin zai fara ya ƙare daidai, kayan da ake tsinta a hanya kuma za su shigo jakarka da kansu, ba sai ka taɓa waya ba. Ni ban taɓa yin gudu da ita ba, ko sau ɗaya.

Abin da ke tsorata mutane shi ne kora. Lokaci-lokaci wata murya takan sanar da kai cewa ga su nan a bayanka, ta faɗi tazarar da ke tsakani, ƙara ta riƙa matsowa, har ka fara jin gurnaninsu. Ana so ka ƙara sauri na kamar minti ɗaya. To amma da saurin kanka ake auna ka, ba da na wani ɗan wasan tsere ba: kusan kashi 20 cikin 100 a kan yadda kake tafiya kafin korar. Mai yin kilomita 5 a awa, in ya kai 6 ya tsira, kuma 6 ɗin har yanzu tafiya ce, ƙafa ɗaya tana ƙasa kullum. Wanda bai so ma sai ya shiga saituna ya kashe korar baki ɗaya. Shawarata ga mai farawa ya kashe ta wata guda, sai jiki ya saba, sannan ya kunna.

Kada kuma wani ya raina maka tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, kuma tafiya mai ɗan sauri tana ciki. Kashi biyar na labarin a sati, rabin awa kowanne, ka cika 150 ke nan. Yadda za ka gane saurin ya yi: kana iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa ba tare da numfashi ya yanke ba. In kana son lissafi, taku 100 ne a minti, ko kusa da haka.

In sun kama ni fa?

Wasu daga cikin kayan da ka tara za su zube, labari ya ci gaba. Ba ka mutuwa, ba a mayar da kai farko.

Faransanci muka yi a lakkwal. Da wane harshe ake labarin?

Asalinsa da Ingilishi ne, kuma irin na mutanen Ingila, ba irin wanda kunnenmu ya saba ji daga ƴan kasuwar Najeriya da Ghana ba. Ba zan ɓoye ba, nan ne babban cikas ga ɗan Nijar. Wanda bai taɓa yin Ingilishi ba ko kaɗan zai ji gurnani, ya ji ƙarar kora, ya gane lokacin ƙara sauri, amma zuciyar abin za ta wuce shi.

Wanda ya yi shi a kwaleji da lise ya manta, shi kam ina ba shi ƙarfin gwiwa. Muryoyin ba su da yawa a farko: Sam, da likitar garin Maxine Myers, da Janine mai gonar da aka kafa garin a kanta. Kalmomin ma suna maimaituwa, ƙofa, asibiti, hagu, dama, yi sauri. Ni kashin farko sau uku na saurare shi. A karo na uku ne na gane cewa lambar nan ta biyar da aka ba ni akwai wadda ta riƙe ta kafin ni, ta fita ba ta dawo ba, kuma Sam bai gama jimaminta ba. A bakin kogi nake, masunta suna jan koma, na ji abin ya taɓa ni. Daga ranar ban sake neman dalilin fashi ba.

Ɗalibai biyu na jami'ar Abdou Moumouni da na nuna wa sun ce don gyaran kunne a Ingilishi suke amfani da ita, tafiyar ta zo musu kyauta.

Nawa ake biya, kuma tana cin forfe?

Saukar da ita kyauta ne, akwai kuma kashi-kashi na farko da ake ji ba tare da biyan ko dala ba. Buɗe sauran labarin, wanda yake da ɗaruruwan kashi, gaba ɗaya a lokaci guda sai da kuɗin wata ko na shekara, ta katin banki, abin da ba kowa ke da shi a nan ba. Fara da na kyauta, kada ka biya sai ka ga ka ɗore.

Forfe kuwa a wurin sauke sautin yake tafiya. Sauke kashi biyu ko uku a inda akwai wifi, ko da dare lokacin da rezo ya fi sauƙi, shi ke nan. GPS da ke auna tafiyarka daga tauraron ɗan adam yake karɓa, ba ya cin forfe, batir yake ci. A watannin da ake yawan ɗauke wuta ni tun da dare nake cika wayar. Akwai kuma zaɓin ƙidayar taku maimakon GPS, wanda ya dace da mai zagaye tsakar gida.

A ina kake tafiya a Yamai?

Wuri uku nake juyawa, kowanne da halinsa.

Filin wasa na Janar Seyni Kountché shi ne na farko ga mai farawa. Safe da yamma akwai masu motsa jiki a kewayensa, maza da mata, manya da yara, ba wanda zai tsaya kallonka. Ƙasa a shimfiɗe take, ga sarari, in kora ta zo kana da inda za ka miƙe. Aibinsa ɗaya, zagaye wuri guda yana gundura, amma wannan shi ne ainihin ciwon da labarin yake magani.

Bakin kogi shi na fi ƙauna, ta Yantala ko ta Gamkalle. Da sassafe akwai sanyin ruwa, ga lambuna, ga masu wanki sun fara shanya, ga kwale-kwale. Labarin a dazuzzukan Ingila masu ruwan sama yake faruwa, idonka kuma yana kan kogin Kwara, abin mamaki sai biyun su zauna tare ba tare da sun yi karo ba. Sai dai hanyar tana matsewa a wasu wurare, kuma da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwa yakan hau ya ɓata gefen hanya. Sauro ma yana nan da asuba da magariba, a sa doguwar riga.

Na uku titunan unguwar Plato ne ranar Asabar da Lahadi, lokacin da ofisoshi ke rufe, ga inuwar itatuwa. A nan a kula: akwai gine-ginen gwamnati da na jami'an tsaro, kada ka tsaya kusa da su kana latsa waya, kada ka ɗauki hoto, kuma kada ka zabura da sauri a gaban masu gadi don wata kora da kai kaɗai kake jin ta. In hanyata za ta bi ta irin wurin, a kashe nake barin korar.

Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta kusan mita 700 ne, kuma tsallaka ta zuwa Harobanda da dawowa yana da daɗi don iskar da ke kaɗawa. Amma matsattsiya ce, ga motoci, ga babura, ga amalanke. Ina tsayar da labarin in na hau, in kunna in na sauka. Kewayen Babbar Kasuwa da Katako da Wadata kuwa ba wurin wannan aiki ba ne sam.

Wanda ke unguwar da babu gudro, yashin ma riba ne: tafiya a cikinsa ta fi cin ƙarfi. A sa takalmi rufaffe mai igiya, silifa tana kawo ciwon dunduniya.

Da wannan zafi namu?

A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40 da rana, kuma dare ma ba ya hucewa sosai. A bazara lokaci ɗaya ne kawai na yarda da shi, daga sallame asuba zuwa fitowar rana. Sha ruwa kafin ka fita, riƙe wani a hannu. In ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko zufa ta ɗauke alhali jiki ya yi zafi, tsaya nan take, nemi inuwa, jiƙa kai da wuya. Labari zai jira ka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin ɗari ne, kuma shi ne mafi daɗin tafiya, nan ya kamata mai farawa ya fara. Matsalarsa ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙetaren kogi, mai asma da mai ciwon ƙirji su zauna gida, sauran su rufe hanci da rawani ko takunkumi.

Toshe kunne a titin Yamai ba neman haɗari ba ne?

Neman haɗari ne, kuma a kan wannan ba na sassauci. Kunne ɗaya kawai. Na gefen titi a bar shi a buɗe, sautin kuma a rage yadda za ka ji sallamar mai wucewa. Yi tafiya kana fuskantar motocin da ke tahowa. In kora ta same ka a bakin mararraba, ƙyale su su kama ka. Asarar batir na cikin wasa ba ta kai karo da kabu-kabu ba. Na taɓa ganin babur ya goge wani yaro da ya toshe kunnuwansa biyu da kiɗa, mai babur yana ta oda bai ji ba. Allah ya taƙaita, amma hoton bai bar idona ba.

Wayar kuma a aljihu mai zik ko cikin riga, ba a hannu ba, saboda masu fizge. Wani abu da mutane ba sa tunawa: manhajar tana zana taswirar inda ka bi. Kada ka ɗora wannan taswira a Facebook ko WhatsApp in daga ƙofar gidanka ta fara, domin ka nuna wa duniya gidanka da lokacin fitarka.

Ni ba na sauraron kiɗa. Kuma labarin matattu masu tashi bai saɓa wa addini ba?

Kiɗan ba dole ba ne. Manhajar daga wayarka take ɗaukar abin da za ta sa tsakanin gutsuren labari, in ba ka ba ta komai ba sai ta yi shiru. Ni shirun na zaɓa, ina jin takuna da tsuntsaye. Abin da ba na so shi ne a sa karatun Alƙur'ani a wurin, domin za a riƙa katse shi da gurnani, wannan kuwa rashin ladabi ne.

Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke ciki: ƙagaggen labari ne, ba wanda ya ce a gaskata shi, kamar yadda kakanninmu ba su ce mu gaskata Gizo da Ƙoƙi ba. Akwai tashin hankali da mutuwa, akwai kalaman da ba su dace da yara ba, akwai kuma zamantakewa irin ta Turawa da wasu za su ga ba ta yi musu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar shi, ya ɗauki tafiyar kawai.

Yaya, mu mata fa? In na fita ina sauri a unguwa za a ce wani abu ya same ni.

Gaskiyarki, ƙanwata, idon unguwa yana da nauyi. Matan da na ga sun ɗore duk a ƙungiya suke fita, biyu ko uku, yawanci zuwa filin wasa inda abin ba baƙo ba ne. Ba sai an canza shiga ba: hijabi mara nauyi, wando a ƙarƙashin doguwar riga, takalmi mai kyau. Abin sauraren ma a ƙarƙashin hijabi yake ɓuya. Matata da maƙwabciyarta kashi ɗaya suke kunnawa a lokaci ɗaya, kowacce a wayarta, in sun dawo su zauna suna gardamar wanda ya ci amanar garin. Wadda fita ba ta yiwu mata ba ta sa ƙidayar taku ta zagaye tsakar gida bayan an kwantar da yara. Mai ciki ta fara jin ta bakin ungozoma ko likita, kuma ta bar korar a kashe.

Zai rage mini tumbi? An ce sai na yi taku 10,000 kullum.

Wannan adadi na 10,000 daga tallar wata na'urar ƙidayar taku ya fito, a Japan, a 1965. Ba laifi ba ne a kai shi, amma amfanin tafiya yana farawa tun ƙasa da haka nesa, musamman ga wanda da ma zaune yake wuni.

Tumbi kuwa sai an haɗa da baki. Mai nauyin kilo 70 da ya yi rabin awa yana tafiya da sauri yana ƙona kalori kusan 150, kwatankwacin abin da ke cikin gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai zaƙi. Ka dawo ka zauna a fada ka sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku da sukarin da muke zubawa, ka mayar da abin da ka fitar. Abin da na fara gani a jikina ba a sikeli ba ne. Barci ne ya gyaru, hawan bene ya daina sa ni haki, awon jinin ma ya sauko.

Ina da hawan jini da ciwon suga, ina shan magani. In fara?

Ga likitanka tukuna, ka gaya masa abin da kake shirin yi. Tafiya tana taimakon duka biyun, amma ba ta maye gurbin magani, kada ka ajiye shi don ka ga sauƙi. Mai allurar insulin ko maganin da ke saukar da suga ya riƙe dabino ko alawa a aljihu, kada ya fita da yunwa, kuma ya duba tafin ƙafarsa bayan kowace tafiya, domin ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba ƙarami ba ne. Ciwon ƙirji ko numfashin da ya ƙi dawowa, asibiti kai tsaye.

Da azumi kana dainawa?

Ba na dainawa, lokaci nake sauyawa. Bayan tarawi, in abinci ya kwanta, minti 20 zuwa 30 a kan titi mai fitila, tare da wani. Kora a kashe har sallah.

Me ya sa ba za ka kunna rediyo kawai ka yi tafiyarka ba?

Na yi hakan, shi ne sati biyun da na faɗa a farko. Rediyo ana jin sa a kwance, don haka bai taɓa fitar da ni daga ɗaki ba. Wannan labarin kuwa na ɗaura wa kaina sharaɗi, ba na jin sa sai ƙafata tana tafiya. Masu rubutun sun san aikinsu, a daidai inda rai ke son ƙari suke yanke kashi, irin yadda kakata a Tawa take yi mana: ta kai yarinya bakin rijiyar Dodo, ta ce barci take ji, sai gobe. Washegari mu muke riga kowa shimfiɗa tabarma.

Akwai kuma abin da ban zata ba. A cikin labarin ana jiranka. In ka dawo ana buɗe maka ƙofar gari, ana murna da maganin da ka kawo, kayan da ka tara kuma da su kake gina garin a cikin wayar, ka ƙara ɗakin kwana, ka faɗaɗa asibiti. Na san wasa ne, amma mutumin da ya wuni a ofis yana tura takarda daga tebur zuwa tebur, in aka ce masa sannu da ƙoƙari, ka ceci mutane yau, yana jin daɗi.

Yara za su iya?

Ƙanana a'a, gurnanin yana hana barci. Ɗana mai shekara 16 yana bina ranar Lahadi, shi da kashinsa ni da nawa. Ya riga ya wuce ni a labarin, na kuma roƙe shi kada ya faɗa mini wanda ya harbo jirgin.